Kyamarar Gwanjo da Kabarin Mijin Mama Laraba

Ranar sunan jikata, wani saurayi ɗan unguwarmu ta Hashimi ya tsaya a gabana ya ɗauke ni hoto da waya ban ko gyara hula ba, sannan ya juyo mini da fuskar wayar yana dariya. "Baba, an ce ku ma aikin nan kuka yi a da. Ai kun huta, ba wani wahala, dannawa ce kawai. In bai yi ba ka yi dilit ka sake." Har taro ya watse raina a ɓace yake. Shi da ire-irensa nake rubuta wa wannan, in dai za su iya ajiye wayar su karanta.

Na shiga sana'ar hoto a farkon shekarun saba'in, lokacin garin nan Abuja ake ce masa, ba a ɗauke sunan an kai wa sabon babban birni ba tukuna. Maigidana Mista Bitrus ne, mutumin Kagoro, tsohon malamin firamare da ya ajiye alli ya kama hoto. Shagonsa na kusa da tasha, ɗaki biyu ne: na gaba mai labule da aka zana bene da fulawa a jiki, na baya kuma ɗakin duhu da muka toshe kowace kafa tasa da tsumma. Na daɗe a wurin ban taɓa kyamara ba. Aikina ɗebo ruwa ne da tace shi, domin ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ruwan wanki sai ta ja layi daga goshin mutum har ƙirjinsa. Da ya ga na fara hankali, sai ya ba ni mataccen fim ya ce in rufe ido in yi ta naɗawa ina warwarewa. In na lanƙwasa shi sai ya ce, "Idi, wannan hannu naka na kirɓa sakwara ne, ka koma gida ka taya mata aiki." Haka na sha zagi har yatsuna suka koyi gani a duhu.

Hoton farko da aka bar ni na ɗauka na wani Bafulatani ne da zai tafi aikin hajji, yana son na fasfo. Da akwatin katako mai ƙafa uku muke irin wannan, wanda ake zura hannu ciki ta baƙin ƙyalle a wanke hoton nan take. Kyamarar ba ta da maɓalli. Murfin idon za ka cire, ka ƙirga a zuciyarka gwargwadon ƙarfin rana, ka mayar. A tsakanin nan mai hoto ba ya numfashi, wanda ake ɗauka ma ba ya numfashi. Na roƙi bawan Allahn nan ya tsaya cak, ina cire murfi ƙuda ya sauka masa a hanci, ya kai hannu. Hoton ya fito da mutum mai hannu uku. Mista Bitrus ya manna shi a bango ya bar shi a can don duk wanda ya shigo ya tambayi wanda ya ɗauka.

To ku faɗa mini inda dilit yake a nan. Takarda ta tafi, maganin wanki ya tafi, mutum kuma yana tsaye yana jiran abin da zai kai ofis.

Kyamarata ta farko a Lambata na saye ta, hannun wani soja da aka sallama bayan yaƙin basasa. Mai ido biyu ce, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ana rataya ta a wuya a leƙa ta sama, kuma in mutum ya matsa dama sai ka gan shi ya yi hagu. A lokacin babu ɗan koyo da ke mafarkin sabuwa. Sabuwa sai manyan shagunan Kaduna da Legas, sai kuma Turawan da ke zuwa kallon babban dutsen da ke gefen garinmu. Mu duka 'yan gwanjo ne, kuma sayen gwanjo ilimi ne da maigida yake koyarwa kafin ya sallame ka. Da farko za ka shinshina ta, in ka ji warin ruma ka ajiye. Sai ka ɗaga gilashin sama ka duba ko akwai farin zare-zare kamar yanar gizo a ciki, wannan damina ce ta cinye shi, ba ya gyaruwa. Sai ka kara ta a kunne ka yi ta dannawa, daga mai sauri zuwa mai jinkiri, ka ji ko ƙarar tana bambanta. Daga ƙarshe ka duba kawunan kusoshi. In sun goge, wani ya riga ya shiga cikinta da wuƙa, kuma ba zai gaya maka abin da ya bari a ciki ba.

Ta sojan nan ta ci duk jarrabawar. Da ita na buɗe nawa ɗan shagon, da ita na ɗauki 'yan makaranta da ma'aikatan asibiti da matan zumunta a coci da angwaye da ba sa iya murmushi sai an yi musu tsawa. Fim ɗaya hoto goma sha biyu ne, kuma ba ka ganin ko ɗaya sai bayan biki ya watse, an kwashe kujeru, amarya ta tare. Saboda haka kafin ka danna sai ka duba rana, ka duba inuwa, ka duba wanda ke shirin atishawa a layin baya. Ta yi mini aiki shekaru, sannan rana ɗaya a tsakiyar bikin godiyar kaka a wani coci wani ɗan ƙarfe ya tsinke a cikinta. Na kai wa mai gyaran agogo, ya buɗe, ya girgiza kai, ya zuba mini kayan cikinta a murfin gwangwani.

Wannan ya faɗo a mummunar shekara, wajen ƙarshen saba'in ɗin. Kayan waje sun yi wuya, fim sai da sanayya, maganin wanki kuma ya ɓace gaba ɗaya daga garin. Ga aiki yana ta zuwa, domin an ce za a gina sabon babban birni a gefenmu, baƙi sun cika gari, kowa yana son hoton fasfo na neman aiki. Ba zan zauna hannu sake ba, sai na hau mota na tafi Kaduna wurin wani dillalin gwanjo, Sabo, wanda masu hoto da yawa ke saye a wurinsa. Rumfarsa can cikin kasuwa take, wuri mai duhu da sanyi, rediyo da agogo da tabarau duk a jibge.

Ya ɗauko mini wata mai naɗewa, irin wadda in ka buɗe ta sai wata baƙar fata ta miƙe tsakanin ido da jiki kamar zugazugin maƙeri. Duk rayuwar irin wannan kyamara a fatar nan take. In akwai huda ko ta bakin allura ce, haske zai shiga ya ƙone fim. Na san haka, don haka na yi mata duk abin da aka koya mini. Na shinshina, turare na ji, ya ce ai a akwatin tufafin wani Bature ta zauna. Na lulluɓa da bargo na kunna tocila a cikin fatar, ko ɗigon haske bai fito ba. Ban tsaya nan ba, na sadaukar da fim guda, abin da ba kowa ke yi ba a shekarar, na ɗauki 'yan kasuwa da safe, na biya aka wanke mini a can Kaduna. Hotuna suka fito tas.

"Malam Idi, ai ni ba na sayar da rubabben kaya," in ji Sabo yana naɗe mini ita a jarida. "Wannan har jikokinka sai sun ci abinci da ita."

Na dawo gida na kama aiki. Tun da babu maganin wanki, duk fim ɗin da na cika sai in naɗe shi in sa a gwangwani in ajiye a gindin randa inda ke da sanyi, in ce wa masu shi su yi haƙuri. Na ɗauki wani ɗaurin aure, na ɗauki 'yan aji na ƙarshe na wata firamare tare da hedimastansu, na ɗauki wani direba jingine da sabuwar motar maigidansa. Duk a tsakar rana, a bazara, lokacin da ƙarfen kyamara ke ƙona yatsa.

Cikin wannan hali wata tsohuwa Bagwariya ta shigo shagona, ta sauke ƙwaryar doya daga kafaɗa ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa benci. Mama Laraba ake ce mata, na san ta da sayar da doya ranar kasuwa. Ƙauyensu yana cikin filin da aka yanka wa sabon birni, an ce su tashi, za a kai su wajen Sabon Wuse.

"Mai hoto, ni ba fuskana nake so ba," in ji ta da irin Hausarta. "Maigidana yana kwance a bayan gida. Yaronmu Ayuba soja ne, yana nesa, bai zo biso ba, bai ga wurin ba. Ka zo ka ɗauka kabarin, da itacen ɗorawa, da dutse na baya. In sun rushe gida, dutse ba za su ɗauke ba. Ayuba zai riƙe hoto ya duba dutse ya gane inda babansa yake."

Na ce, "Mama, an gama. Amma wankin zai ɗan jima."

Ta ce, "Ya jima. Ka dai ɗauka kafin katafila ya zo."

Ranar da muka sa, na hau keke tun da safe, amma hanyar ta ci ni, ban isa ba sai da rana ta take. Rabin ƙauyen ya riga ya kwashe, an cire jinka daga ɗakuna, rumbuna a buɗe. Ta kai ni bayan gidan. Kabarin ɗan tudu ne da aka kewaye da duwatsu, an kife tsohuwar tukunya a wajen kai. Ta share shi tsaf da tsintsiya tun kafin in zo. Na yi aikin nan da duk abin da na sani. Na ja baya har na sami kabarin a ƙasa, ɗorawar a gefe, dutsen da tsagin da ke kansa a sama, yadda ko baƙo zai iya daidaita su. Na ɗauka daga gabas, na ɗauka daga yamma, na hau kan wani kututture na sake ɗauka, na sa ta tsaya a gefen tukunyar na ɗauka. Fim guda cur na ƙarar a kan kabarin nan, a shekarar da ake raba fim ɗaya wa gida huɗu. Ta ba ni ruwa na sha, ta ɗaura mini doya a bayan keke duk da na ce ta bari.

Watanni suka shige. Na je wurin Mista Bitrus ko yana da ragowar magani, ya nuna mini kwalabensa a bushe. Mama Laraba takan leƙo duk ranar kasuwa, ba ta matsa mini, sai dai ta ce, "Mai hoto, yana nan?" in nuna mata gwangwanin, ta gyaɗa kai ta wuce. A wani zuwan ta ce an kwashe su, katafila kuma ta shiga.

Da wani direban Kaduna ya kawo mini magani, fim ɗinta na fara wankewa. Ina ɗaga shi sai na ga wani baƙin harshe ya taso daga ƙasan kowane hoto ya cinye fiye da rabinsa. Baƙi a fim fari ne a takarda. Na buga ɗaya don in tabbatar: ga kan dutse, ga saman ɗorawa, daga nan zuwa ƙasa fari fat, babu kabari, babu tukunya, babu Mama Laraba sai ɗaurin kanta. Na wanke sauran fina-finan da ke cikin gwangwanin, duk haka suke. Na buɗe kyamarar na zura yatsa cikin fatar, ya fito baƙi ƙirin, yana danƙo. Na shinshina. Turaren ya riga ya gushe, abin da ya rage warin man takalmi ne.

Nan na gane abin da aka yi mini. Kusurwoyin fatar duk a huje suke don tsufa, sai aka cakuɗa baƙin man takalmi da kakin kyandir aka lilliƙe su ta ciki, aka fesa turare a kai. A rumfa mai sanyi liƙin yana riƙewa, ya ci jarrabawar tocila, ya ci ta fim ɗin safe. Sai ranar bazara ta buge shi ya narke, kana buɗewa kana naɗewa yana zubewa. Wanda ya yi wannan ya san gwajin da muke yi ɗaya bayan ɗaya, ya zauna ya shirya wa kowanne amsa. Ba kuskure ba ne, mugunta ce da aka yi da natsuwa.

Sauran ayyukan na gyara su da kunya da roƙo. Na ari kyamarar Mista Bitrus, ango da amarya suka sake sa kayan biki suna gunaguni, ga amarya har ta fara nauyi. Hedimasta ya zage ni a gaban yara, sannan ya sake tara waɗanda ya samu. Direba ya ce a bar shi, an riga an kore shi daga aikin. Wasu suka daina zuwa shagona, aka riƙa cewa hoton Idi aljanu ke shiga ciki. Duk wannan na haɗiye shi, sana'a ta gaji haka.

Kaduna na koma da kyamarar a hannu. Na sami Sabo a rumfarsa, ga wata kyamarar a buɗe a cinyarsa, ga gwangwanin man takalmi a gefe da ɗan tsinke a ciki, ko ɓoyewa bai yi ba. Na ajiye masa hoton a gabansa na ce ya duba.

Ya duba ya ce, "Ikon Allah. Rana ce ta yi yawa."

Na ce, "Sabo, kabarin mutum ne wannan. An rushe wurin. Matarsa tana jira."

"To Malam Idi, ni na rushe? Ka gwada da hannunka, ka wanke fim ka gani da idonka. Kayan gwanjo ba a mayarwa, kowa ya sani. In kana so in ƙara mata mai, sai ka riƙa aiki da ita a inuwa."

In ƙara mata mai! Na ɗaga kyamarar zan rotsa masa a kai, maƙwabtansa suka riƙe ni, wani dattijo yana ta cewa in yi haƙuri, kasuwa ce. Na tsaya a bakin rumfar na faɗa da ƙarfi abin da yake yi, don duk mai hoton da ke kusa ya ji. Wasu suka yi dariya, wani ya ce ai kowa na yi. Ina fita na ga wani matashi ya shiga yana tambayar kuɗin wadda ke cinyar Sabo.

Ranar kasuwa Mama Laraba ta zo. Ban yi mata kwana-kwana ba, na gaya mata yadda aka yi, na miƙa mata wanda ya fi dama a cikin hotunan. Ta riƙe shi da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce tun da kan dutse ya fito, mu je tare, ni da na tsaya na ɗauka zan tuna inda na tsaya, ita kuma za ta tuna sauran.

Muka sami motar yashi ta rage mana hanya. Ta riƙo ɗan tulu na kunu da ta dama, ta ce ba ta yi wa mijinta sallama yadda ya kamata ba ranar da aka kwashe su. Da muka sauka ban gane wurin ba. Babu gida, babu rumbu, babu ɗorawa, babu kututturen da na hau. Jar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya kai, da sawun katafila, da 'yan turaku masu jan fenti. Dutsen yana nan, amma daga ko'ina ka tsaya a filin nan dutsen yana nan. Na ɗaga hoton ina neman tsagin da ke kansa ya daidaita, na matsa gaba, na ja baya, na yi dama. Ya yi kamar ya daidaita a nan, ya yi kamar ya daidaita can gaba da nisa. Abin da zai raba gardama shi ne ƙasan hoton, kuma ƙasan hoton fari ne.

"Mai hoto, nan ne?"

"Mama, ina jin nan ne. Ko kuma can."

Ta tsaya inda na fara nunawa, ta duba ƙasa, ta tona da yatsan ƙafa ko za ta ga guntun tukunyar. Ta tafi ɗaya wurin ta yi haka. Masu aiki suna can nesa suna kallonmu, ɗaya ya ɗaga hannu yana nuna mu fita. Sai ta buɗe tulun ta durƙusa ta zuba kaɗan, ta kira sunan mijin. Ta tashi ta yi 'yan taku ta zuba kaɗan, ta sake kiransa. Haka ta yi ta zagaya filin nan a tsakar rana, tana zubawa tana kira, har kunun ya ƙare.

Ta dawo inda nake, ta karɓi hoton daga hannuna ta duba, sannan ta mayar mini da shi.

"Ka riƙe," in ji ta. "In Ayuba ya zo, zan turo shi wurinka. Kai za ka gaya masa. Ni ban san inda babansa yake ba."